Yadda sanyi ke tona asirin sarƙoƙin roba

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da polietilin, robar da ake yin leda da ita, shi ne yadda samfuri biyu za su zo da adadin sinadarai iri ɗaya a takarda, amma ledar ɗaya ta yage da wuri, ta ɗayan kuwa ta jure. Dalilin shi ne matsakaicin lissafi yana ɓoye yadda sinadarin haɗi, wato butin, heksin ko oktin, ya rarrabu a tsakanin sarƙoƙin etilin, wato dogayen jerin ƙwayoyin sinadari da suka haɗu suka zama robar. Duk inda ya shiga yakan fitar da ɗan reshe, reshen kuma yakan hana sarƙa jeruwa ta zama kiristal. Saboda haka idan aka narkar da robar a ruwan sinadari, sarƙa mai rassa kaɗan takan daskare tun ruwan narkarwa yana da zafi, mai rassa da yawa kuwa sai ya huce sosai.

A kan wannan aka gina dabarar TREF ta rarrabe sarƙoƙi bisa yawan rassansu, wadda masu bincike Desreux da Spiegels suka aza harsashinta a 1950, Wild da abokan aikinsa suka inganta ta a 1982. Ana narkar da robar a cikin ruwan sinadarin tirikulorobenzin mai zafin kimanin digiri 150, a ɗura ta a bututu mai cike da ƙananan ƙwayoyi, a bar ta ta huce sannu a hankali, sarƙoƙin suna kwantawa hawa-hawa. Daga nan sai a riƙa ƙara zafi ana wanko su: masu yawan rassa su fara fitowa, miƙaƙƙu su biyo baya kusa da digiri 100. Wata dabara makamanciyarta, CRYSTAF, wadda Benjamin Monrabal ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990, ta rage wahala, domin tun ana sanyayawa ake auna abin da ya rage a narke.

Hoton jadawalin sakamakon da ke fitowa yana ƙayatar da ni ƙwarai, don robar da aka yi da sinadarin hanzarta haɗuwa na Ziegler-Natta takan nuna faffaɗan tudu, sau da yawa mai ƙololuwa biyu, wadda aka yi da takwaransa metalosin kuwa siririn tsini ɗaya. Sai dai ina jan hankalin mai gaggawa: idan aka sanyaya da sauri, sarƙoƙi mabambanta sukan daskare tare, sakamakon ya gurɓata, shi ya sa ake sauko da zafin da kamar digiri 0.1 a minti ɗaya. Sarƙar da rassanta suka yi yawa har ba ta daskarewa kuwa takan zauna a narke, waɗannan dabaru ba sa iya rarrabe ta, sai an koma ga wata dabarar rarrabe sinadarai, kuromatogirafi mai zafi a kan girafait.