Kada Ka Jona Ta da Wuta: Sana'ata ta Tayar da Tsofaffin Kwamfutoci

Duk wanda ya bugo mini waya ya ce ya tsinci tsohuwar kwamfuta a saman silin ko a garejin mahaifinsa, kafin ma in tambaye shi wace iri ce nake ce masa, don Allah kada ka jona ta da wuta. Da yawa sai in ji sun yi shiru, in gane aikin gama ya gama. Kwamfutar da ta kwanta shekara talatin da wani abu ba a tashin ta da gaggawa. Abin da ya lalace a cikinta tana kwance sau da yawa ƙarami ne, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Babbar ɓarna a daƙiƙar da aka kunna ta take faruwa.

Shagona ɗan ɗaki ne a Birmingham, tebur biyu da kanta cike da aljihunan roba. A Sabon Gari ta Kano na koyi narka dalma, wajen maigidana mai gyaran rediyo da talabijin, Allah ya jiƙansa. A can ban taɓa ganin irin waɗannan kwamfutoci ba, ko sunansu ban sani ba. Sai da na zo Ingila ina gyaran waya, wani dattijon Bature ya shigo da wani baƙin abu mai madannan roba, bai fi girman littafi ba, ya ce ko zan duba masa. Da na kwance shi sai na ga 'yan uwan kayan da na girma a kansu: taransisto, kafasita, ayisi masu manyan ƙafafu da ido ke iya ƙirgawa. Abin da hannu ya sani ba ya mantawa. ZX Spectrum ce, kuma daga ita sana'ar ta faro.

Ita Spectrum kamfanin Sinclair Research na Cambridge ne ya fito da ita a Afrilun 1982, aka riƙa haɗa ta a masana'antar Timex da ke Dundee. Mai memori 16K fam 125, mai 48K fam 175. Mai kamfanin, Clive Sinclair, wanda ya rasu a 2021, mutum ne da ya ƙuduri aniyar sai ɗan talakan Ingila ya taɓa kwamfuta, don haka ya matse kuɗin ƙira iya matsewa. Ga misali ɗaya da har yau yake burge ni. Ayisin memori da ke ɗauke da 32K na sama, asalinsu na 64K ne da suka faɗi gwaji a masana'anta, rabi matacce rabi mai rai. Ya saye su da arha, aka sa wata 'yar waya a kan fanel da ke zaɓar rabin da ke aiki. Wannan dabara ta sa abin ya yi arha, kuma irin wannan matsi ne ke kawo mini aiki yau.

Wata mata ta kawo mini Spectrum ta yayanta da ya rasu, a cikin jakar leda, tare da kaset na wasanni goma sha. Ta ce ta nemi adaftarta ta rasa, sai ta ɗauki wata mai bolt 9 da ke gida ta gwada. Nan gizo ke saƙa. Bakin wutar Spectrum a juye yake, tsakiyarsa ne nagatif, akasin yawancin adaftocin da ke cikin gidaje yanzu. Na buɗe, na zare faifan roba biyu na madannai a hankali, duk da haka ɗaya ya tsage a hannuna kamar busasshen ganye. Wannan ba abin damuwa ba ne, ana ƙera sababbi. Abin damuwar yana gefen ayisin memori takwas masu lamba 4116. Su waɗannan wuta iri uku suke ci lokaci guda: bolt 5, bolt 12, da bolt 5 na nagatif. Biyu na ƙarshen wani ɗan naɗin waya ne da taransisto mai suna TR4 ke samar da su. In TR4 ya ƙone, nagatif ɗin ya ɗauke, sai ayisin su yi ta dahuwa kana kallo ba ka sani ba. Na sa mita, na tarar ya mutu murus. Na canza shi, na canza kafasitoci duka, na cire tsohon mai daidaita wuta 7805 mai zafi kamar dutsen guga na sa na zamani da ba ya zafi. Ayisi biyu cikin takwas sun tafi, na sa musu soket na dasa wasu. Sannan na yi mata ƙarin da kusan kowa ke nema: asali hotonta ta kan eriya yake fita, a tasha ta 36, cike da yayyafi, talabijin na yanzu kuma da yawa ba sa kama shi. Sai ka raba ɗan akwatin eriyar da wuta, ka ɗauko hoton kai tsaye ta kafasita guda, ka kai shi wannan bakin na asali. Ba huda, ba yanka. Wanda ya so mayar da ita yadda take, minti goma ya ishe shi.

Da ta dawo ɗauka na kunna, farin allo ya fito da rubutun nan na 1982 a ƙasa. Ta ce in saka kaset. Na danna J, kalmar LOAD ta fito, ƙarar nan mai tsini ta tashi, gefen allo ya shiga zanen ja da shuɗi-shuɗi, daga baya shuɗi da rawaya. Kusan minti biyar muna tsaye. Na ce mata akwai DivMMC, ɗan abin da ake maƙalawa a baya da katin memori, wasa ya buɗe kafin ƙiftawar ido. Ta girgiza kai, ta ce wannan jiran take so, a cikinsa ne ita da yayanta suke faɗa kan wa zai fara. Ban ƙara tallata mata komai ba.

Ƙa'idata a wannan aiki ba ta da yawa. Gyara kafin ƙari, kuma duk ƙarin da zan yi sai ya zama wanda za a iya warwarewa. Ba daga littafi na samo ta ba, asara ce ta koya mini. A farkon farawata wani ya aiko mini da Commodore 64 lafiyayya, ƙari kawai yake so. Na ɗauki adaftarta ta asali da ya haɗo da ita, baƙar nan mai nauyin bulo, na jona ban auna ba. Waɗannan adaftoci an cika cikinsu da danƙo mai tauri, ba sa buɗuwa balle a gyara, kuma idan suka tsufa bolt 5 ɗinsu hawa yake yi. Kafin in ankara allo ya cika da haruffan banza, na taɓa ayisin memori na ji suna ƙuna. Na kira mai ita na gaya masa gaskiya, na gyara da kuɗina, amma kwana biyu ban ji daɗin abinci ba. Tun daga ranar, tsohuwar adaftar Commodore ba ta taɓa injin kowa a teburina. Ina gaya wa mai ita ya ajiye ta don tarihi, ya sayi sabuwa.

Commodore 64 daga Amurka take, ta fito a Agustan 1982 a kan dala 595. Ciwonta da aka fi sani shi ne baƙin allo, kuma sau da yawa ayisin PLA ne, wanda yanzu akwai madadinsa birjik. Abin da ke da wuyar samu shi ne SID, ayisin sauti mai murya uku da Bob Yannes ya ƙera. Shi ne zuciyar injin a wajen masu kiɗa. Iri biyu ne, 6581 mai cin bolt 12 da 8580 mai cin bolt 9, kuma wanda ya sa na biyu a gurbin na farko ya kashe shi. Kamfanin Commodore ya durƙushe tun 1994, ba a ƙara yin ko ɗaya ba, don haka kasuwar ta cika da na jabu, matattu da aka goge aka sake musu rubutu. Ina sa ARMSID, madadin SID na zamani, ga wanda nasa ya mutu, kuma muryarsa ta yi kusa ƙwarai. Amma idan wani ya zo da SID na asali mai rai ya ce in cire in sa sabo, sai na zaunar da shi. Kowane 6581 da irin tasa muryar, biyu ba sa zama ɗaya sak. Abin da yake buƙata ɗan ƙarfen shan zafi ne a bayansa da wuta mai tsafta. Masu ƙorafin jinkirin na'urar faifai ta 1541 kuwa ina ba su SD2IEC, mai maye gurbinta da katin memori, da JiffyDOS, sabon tsarin da ke hanzarta lodi. A da mutane kan huda gefen injin su sa makunni don sauya tsakanin tsohon tsari da sabo. Ni irin wanda ake sauyawa da danna RESTORE a riƙe nake sawa.

Inda zuciyata ta fi karaya shi ne Amiga, ita ma kwamfutar kamfanin Commodore. A500 ta 1987 tana zuwa da 512K, mutane suka yi ta sayen katin A501 suna ƙarawa ta ƙasa, shi kuma yana ɗauke da batirin agogo mai kama da 'yar ganga. A500 Plus ta 1991 ma a kan fanel ɗin kansa aka dasa batirin. Shekaru suna tafiya yana tsiyaya a ɓoye. Kana buɗewa sai ka ga kore-kore ya bi layukan tagulla kamar gansakuka, ya haura har cikin soket ɗin ayisin da ake kira Gary. Ruwan batirin ɗan gidan kanwa ne, don haka da tsami ake kashe shi: ruwan khal, tsohon buroshin haƙori, sai ka ji yana tsuwa yana kumfa. Bayan nan a wanke, a busar, sannan aikin haƙuri ya fara, bin layi ɗaya bayan ɗaya da mita ƙarƙashin gilashin ƙara girma, duk wanda ya yanke a ɗinke shi da waya siririya kamar gashi. Akwai wadda ta ci mini mako guda. A600 da A1200 na 1992 su kuma kafasitocinsu ne ke yoyo, kana kai musu zafi ƙarnin kifi ya cika ɗaki. BBC Micro, wata kwamfutar Ingila ta wancan zamani, tata matsalar a cikin adaftar ciki take, kafasitan RIFA ya fashe ya turnuƙe gida da hayaƙi, amma yawanci injin kansa ba ya jin komai.

Ƙari a Amiga ba ya ƙarewa. Gotek, wanda ake sawa a kekunan surfani da na'urorin masana'anta don maye gurbin faifai, idan aka ɗora masa manhajar FlashFloppy ta Keir Fraser sai ya zama rumbun faifai ɗaruruwa a kan filashi guda. Ina zaunar da shi a kan mariƙin roba daidai bakin faifan, in naɗe tsohuwar na'urar in mayar wa mai ita. Akwai kuma PiStorm na Claude Schwarz, wanda ake cire Motorola 68000, ƙwaƙwalwar Amiga, a dasa a gurbinsa, ƙaramar kwamfutar zamani ta Raspberry Pi ta riƙa yin aikin ƙwaƙwalwar da gudun da ba a taɓa mafarki ba. Aiki ne mai kyau, ina girmama wanda ya yi shi. Sai dai mafi yawan masu tambayata ba sa buƙatarsa. Wasannin da suke so an rubuta su ne don injin mai megahaz 7, wasu ma rikicewa suke yi in gudu ya yi yawa. Wanda ya dage ina sa masa, in saka tsohuwar 68000 a ledar kariya in manna ta a cikin murfin, don kada su rabu.

Abu ɗaya ne nake ƙi kai tsaye. Wani matashi ya zo da Spectrum mai aiki sumul, ya ce in kwashe kayan cikin in zubar, in sa Raspberry Pi, in yanka baya don bakin HDMI. Kuɗi mai kyau ya taya. Na ce masa ina da fankon gida na wadda ta mutu ba ta tashi ba, in yana so in yi masa a ciki, wannan kuwa ba da hannuna ba. Ya tafi ransa a ɓace. Ɗan ƙanwata da ke zuwa koyon aiki ranar Asabar ya ce, "Kawu, ai kayansa ne." Na ce haka ne, ɗana, amma ayisin ULA da ke sarrafa hotonta kamfanin Ferranti ne suka yi shi, kuma Ferranti babu su yanzu. Ko masu son in mayar musu da robar da ta yi rawaya fara da sinadarin haidurojin ferokzaid, ina gaya musu tun farko cewa rawayar kan dawo, kuma in aka yi ganganci robar kan yi dabbare-dabbare.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar rufin asiri ce, ba ta tara dukiya ba. Yawancin aikin ta gidan waya yake zuwa, uwargida ke riƙe da lissafi da ɗaurin kaya. Lokacin kullen korona a 2020 mutane suka hau share silin, aiki ya yi mini yawa har na daina karɓa na ɗan lokaci. Da aka shiga 2021 kuma, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, takardun kwastan suka shiga tsakaninmu da Turai, masu aiko mini daga Jamus da Holan suka ragu, kayan gyaran da nake saye a can suka ƙara tsada. Abin da ya fi wuya shi ne yanke farashi, domin ba ka sanin zurfin ciwo sai ka buɗe. Nakan ɗauki hoto in aika wa mai kaya kafin in narka ko ɗigon dalma.

A 2024 kamfanin Zilog ya sanar zai daina ƙera Z80 irin mai ƙafa 40, ƙwaƙwalwar Spectrum, bayan kusan shekara 48 ana yin ta. Ranar da na ji na yi oda gwargwadon ƙarfina, suna nan a aljihun tebur na sama. A na ƙasa kuma akwai ledoji, kowace da kwanan wata da lambar injin da aka ciro abin da ke cikinta, na masu kayan da suka ce ba sa so a mayar musu. Yau da safe an kawo wata A500 Plus daga Leeds. Mai ita ya rantse mini bai jona ta ba, kuma tun kafin in gama kwance sukurori shida na ƙasa na fara jin warin batirin.