Inda aka kwana a rumbun gwaji: lambar rasit ta ƙi bin kwafi

'Yan'uwa masu koyo, rumbun adana bayanai na manhajar PostgreSQL da nake haɗawa a kan tsofaffin kwamfutoci biyu da na saya a Titin Beirut ya fara aiki. Ta farko tana karɓar rasit na shagon atamfa na gwaji, irin na Kantin Kwari, ta biyu kuma tana ɗaukar kwafi ta hanyar kwafin layi-layi, wato aika mata kowane layin tebur da ya canza, tsarin da ya shigo a siga ta 10 ta PostgreSQL, a shekarar 2017.

Na kashe ta farko da gangan, kamar an ɗauke wuta, na mayar da aiki kan ta biyu, sai sabon rasit ya ƙi shiga. Rumbun ya ce lamba 1 tana da mai ita, alhali rasit na ƙarshe a teburin lambarsa 4820 ce.

Dalilin yana rubuce a littafin bayanin PostgreSQL: irin wannan kwafi yana kai layuka tare da lambobinsu, amma ba ya kai matsayin sikwens, wato maƙirgin da ke ba kowane sabon layi lamba. Maƙirgin ta biyu yana nan inda aka haife shi, domin ba a taɓa kiran nextval, umarnin da ke ciro lamba ta gaba, a kansa ba, kuma matsalar ba za ta bayyana ba sai ranar da aka fi bukatar kwamfutar.

Gyaran shi ne a tsayar da rubutu, a nemo sunan maƙirgin da umarnin pg_get_serial_sequence, sannan a ɗaga shi da umarnin setval zuwa lamba mafi girma a teburin. Na ƙara dubu a kai, kuma ina ganin wannan wajibi ne idan ta farko ta mutu babu shiri, saboda akwai yiwuwar wasu layuka sun maƙale a can, ta haka ranar da aka ceto su za su tarar ba a bai wa wani rasit lambobinsu ba. Giɓi a jerin lambobi ba aibi ba ne. Ko a kwafin da ke bin WAL gaba ɗaya, wato kundin da rumbun ke rubuta duk canje-canjensa, maƙirgi yakan yi tsalle, tunda lambobi 32 ake rubutawa gaba a lokaci guda. Idan mai shago yana son rasit marar giɓi, sai a keɓe masa teburin ƙirga na daban.

Yanzu ina rubuta umarnin da zai bi pg_sequences, jerin dukkan maƙirgan rumbun, ya yi wa dukkan tebura wannan gyara kafin a buɗe wa masu sayarwa rubutu.