Dankalin Jos a lambun Kano

Karon farko da na shuka dankalin turawa a lambuna da ke gefen Kano, a watan Yuni ne. Na ga da damina ake nomansa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da ke kan tudun Jos, sai na ɗauka mu ma haka za mu yi. Ganye ya yi kore shar, ya miƙe har gwiwa. Da na tona bayan wata uku, 'ya'yan ba su wuce ƙwan zabo ba, wasu ma sun ruɓe a cikin kunya. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne tsayin ƙasa.

Birnin Kano yana kan kusan mita 480 daga matakin teku, Jos kuwa kusan mita 1,200. Iska idan ta hau sama nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe ta huce, kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000. Ke nan tazarar mita 720 da ke tsakaninmu ta kai kusan digiri 5. Masu cewa kan dutsen Dala ya fi sanyi, kaɗawar iska suke ji, don ƙololuwarsa mita 534 ce, bambancinsa da cikin gari bai kai rabin digiri ba.

Wannan digiri 5 ɗin da daddare yake aiki. Dankali yana zuba 'ya'ya sosai ne idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20. Da rana ganye yana haɗa abinci, da dare shukar tana tura shi ƙasa. In dare ya yi ɗumi, sai ta ƙone abincin wajen numfashi da ƙara ganye, ɗan abin da ya rage ne yake isa ga 'ya'yan. Daren damina a Jos yakan sauka wajen digiri 17, namu kuwa da wuya ya sauka ƙasa da 21. Haka na samu dogon ganye babu komai a gindinsa.

Sanyin Jos daga tudu yake zuwa, shi ya sa yake nan kusan duk shekara. Namu na aro ne daga hunturu, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da dare kan sauka digiri 13 ko 14. Dankali yana buƙatar kwana 90 zuwa 100, wato daidai wa daida, babu rarar ko mako biyu. Manoman alkama na Kadawa da wannan sanyin suke aiki tun tuni, da na lura da su da ban yi asarar farko ba.

Karo na biyu na shuka a mako na biyu na Nuwamba. Na nemo irin da aka tona a Jos tun watan Agusta, wanda idanunsa suka riga suka tsiro. Kada ka je kasuwar 'Yankaba ka sayo na ci ka binne. Sabon tono yana yin barcin wata biyu zuwa uku kafin ya tsiro, kafin ya farka rabin hunturu ya wuce. Na zaɓi masu girman ƙwan kaza, ban yanka su ba, saboda yankakke yana saurin ruɓewa a ƙasa mai ɗumi. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami 30, zurfi 10. Bayan mako huɗu na tara ƙasa a gindi, don duk ɗan da rana ta gani kore yake zama, ba ya ciwuwa. Na shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa a kan kunyoyin don kada ranar la'asar ta gasa ƙasar. Ban ruwa duk kwana huɗu ko biyar, a bi kwari kawai, kada ya hau kan kunya. Kwana goma kafin tono na yanke ruwa don fata ta yi ƙwari.

Wata gaɓa guda mun fi manoman Jos sauƙi. Iskar damina mai danshi idan ta ci karo da tudun Jos dole ta hau, ta huce, ta zama gajimare da hazo, shi ya sa ruwansu yakan kai milimita 1,400 a shekara, ya fi namu nesa ba kusa ba. Sanyi da laima tare su ne abincin cutar nan da ke baƙanta ganyen dankali cikin 'yan kwanaki. A bushewar hunturu ban gan ta ba. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ne na yi ta fama da su.

Inda muka gaza kuwa shi ne ajiya. Na tona a tsakiyar Fabrairu na ware iri, amma zafin Afrilu, da yakan kai digiri 40, ya lalata shi tun kafin damina ta sauka. Saboda haka duk Oktoba sai na sake aikawa Jos.