Kafin ka zuba kuɗi a talla, je ka zauna da kwastoma

Abin da ke damuna da masu fara kamfani shi ne, mutum zai kulle kansa a ɗaki wata shida yana gina manhaja, bai taɓa zama da ko mutum ɗaya da zai biya kuɗi ya yi amfani da ita ba, ranar ƙaddamarwa kuma ya kwashi ɗan jarinsa ya zuba a tallan Facebook yana jiran jama'a su yi tururuwa. Ni ma na taɓa yin haka wallahi, har yau abin na min ciwo.

Ku duba Airbnb, shafin intanet da mutane ke ba matafiya hayar ɗakunansu ko gidajensu. A 2009 Brian Chesky da Joe Gebbia, biyu daga cikin waɗanda suka kafa shi, da ƙafarsu suka je New York, gida-gida suna ganawa da masu ba da hayar ɗakuna, suna ɗaukar musu hotuna masu kyau saboda na shafin ba sa jan hankali. Aikin wahala ne, ba za ka iya yi wa mutum miliyan ba, amma kwastomomi goma na farko haka ake samunsu.

Instagram kuma asalinta wata manhaja ce Burbn mai tarkace da yawa, da masu ita suka lura hoto kawai mutane ke so sai suka watsar da sauran, suka fito a 2010.

Kuma don Allah bar tambayar abokai "ya kuka ga wannan?", kowa zai ce ya yi kyau don kar ranka ya ɓaci. Tambayi mutum yadda yake magance matsalar yanzu, da nawa take cinye masa.