Na Shida Ka Kama

Ina sanin makamar aiki a sashen gashin ƙashi aka kawo mana wata tsohuwa da bayanta ya fara ranƙwafawa. Aka ce in auna ta da rula mai lanƙwasa, wadda ake dannawa a gadon baya tun daga ƙashin wuya na bakwai har ƙugu, sannan a ɗora ta a takarda a zana siffar da ta ɗauko. Sau uku ina aunawa, lissafin bai sauya ba. Na kai wa Malam takardar ina murna.

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Inna, ɗan ɗaga kanki sama." Ya ɗora yatsa inda na sa alama, sai ƙashin ya shige ciki. Ya ce, "Na shida ka kama. Na bakwai ba ya gudu in an ɗaga kai. Ai mudun da aka lotsa wa gindi ma kullum awo ɗaya yake bayarwa, amma mai saye ake cuta."

Maganar nan ta zauna mini. Ashe tambaya biyu ake yi wa kayan awo: in an maimaita zai faɗi abin da ya faɗa, kuma abin da ya faɗa ɗin gaskiya ne? Rular nan fata take taɓawa, ga tsoka da kitse tsakaninta da ƙashi. Shi ya sa ake gwada ta da hoton ƙashi, inda ake auna kusurwar da likitan Amurka John Cobb ya bayyana a 1948. A karkatar gefe, sai ta kai digiri 10 ake cewa baya ya karkace. To ita ma, mutum biyu kan auna hoto ɗaya su saɓa da kusan digiri 5. Sikoliyomita kuwa, na'urar awon da ake ɗorawa a baya in yaro ya sunkuya, tudun haƙarƙari take aunawa, ba karkatar ƙashin bayan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da uwa za ta ce, "Likita, da sauƙi?" alhali bambancin digiri 3 ne kawai. Raina yana so in ce mata eh. Yanzu nakan ce, "Hajiya, bai ƙaru ba, mu sake dubawa." Kafin in taɓa rula kuma sai an cire takalmi, an ɗaga kai na lalubo ƙashin nan da yatsana.