Ashe hanji ma yana da agogo

Talata, Agege, Legas.

Yau ranar ganin likita ce, ana idar da sallar asuba na kama danfo dan in riga gosulo, duk da haka sai da muka ɗanɗana. Cikin da sauƙi akan satin jiya amma har yanzu ina ganin jini da majina in na zaga. Shekaru ana ce min basir ne ko atini, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, sai da aka leƙa hanjin da kyamara akace ulcerative colitis ne, wai garkuwar jikina ce ke faɗa da babban hanjina har ya kumbura yayi gyambo.

Likitar yau ko takardar magani bata kalla ba, tambayarta ta farko ƙarfe nawa nake kwanciya. Nace Dakta ni fa a kasuwar Mile 12 nake aiki, motocin tumatur da attaruhu daga arewa sai dare ya raba suke shigowa, ni nake tsayawa lissafin kwanduna, abincin darena kuwa indomie da ƙwai wajen mai shayi ƙarfe biyu. Ta ajiye biro.

Tace akwai agogo a ƙwaƙwalwa wanda hasken da ido ke gani yake saita shi, amma hanji ma yana da nashi, shi kuma lokacin cin abinci yafi bi, to in kana ci ƙarfe biyun dare kana bacci da hantsi agogunan biyu sai su saɓa. Bangon hanji, da ƙwayoyin garkuwar jiki, kai har ƙwayoyin bakteriya masu amfani dake zaune a ciki, duk aikinsu na sauyawa tsakanin dare da rana. An gwada a ɓeraye, waɗanda aka hargitsa musu haske da duhu kumburin hanjinsu yafi tsanani. Kuma abin zagaye yake, ciwon ya hana ka bacci, rashin baccin ya ƙara tada ciwon. Wannan kam ba sai an faɗa min ba wlh.

A mota na duba waya, ashe Amurkawa uku, Hall da Rosbash da Young, sun ci kyautar Nobel a 2017 akan wannan agogon, kuma a jikin ƙananan ƙudajen dake bin ruɓaɓɓen kayan marmari suka gano shi, irin waɗanda muke kora a kasuwa kullum!

Maganin ma da lokacinsa. Prednisolone da safe bayan karyawa, dan a lokacin jiki da kansa yake fitar da cortisol, sinadarin da maganin ke kwaikwaya, da yawa, in ka sha da dare ido zai bushe. Mesalazine na matsi kuma sai zan kwanta dan ya daɗe a ciki. Ta ja min kunne cewa gyara bacci baya maye gurbin magani, kar in ji sauƙi in watsar.

Da la'asar na samu Alhaji maigidana a rumfa nace ranka ya daɗe a taimaka a maida ni rana. Yayi shiru, sannan yace "yaro, kaya yanzu suke sauka, ka bari kaka ta wuce." Ban ga laifinsa ba, amma hanji bai san kaka ba. Mun dai tsaya akan zan dinga karɓa-karɓa da ƙanensa, kuma daga yau tuwo zan ci bayan isha'i kafin in fita, mai shayi sai dai gaisuwa.