Gano Dragon 32 da tayar da ita: kwamfutar 1982 da ta zo ba suna, ba taransfoma

Na'urar ta fito ne daga cikin tarin kayan gwanjo na lantarki. Jikinta roba ce mai ruwan madara, madannai 53 a samanta, ga wata faffaɗar kafa a gefen dama. Takardar sunan da ke manne a sama ta ɓare, ta ƙasa kuma ta goge, babu wayar wuta, babu littafi. Ramin shigar wutarta mai ƙafa 9 ne, irin wanda aka saba gani a tsofaffin kwamfutoci, don haka duk wanda ya gan shi zai so ya laluɓo wata caja ya gwada. Ban gwada ba, kuma wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk aikin. Na'urar da ba a san sunanta ba, ba a san irin wutar da take ci ba, kuma wutar da ba daidai ba tana iya kashe ayisi (IC, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ke kan allo) goma sha shida a daƙiƙa ɗaya.

Sunan kwamfuta yana rubuce a jikin ayisinta. Da na kwance murfin na share ƙura da busasshen buroshi, manyan ayisi masu ƙafa 40 suka bayyana: MC6809E, MC6847, SN74LS783, da MC6821 guda biyu. Na farkon shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, ƙirar Motorola. Na biyun shi ke haɗa hoto. Na ukun, wanda a wasu allunan ake rubuta masa MC6883, ana kiransa SAM, shi ke raba agogo da adireshi tsakanin ƙwaƙwalwa da hoto da RAM, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi. MC6821 biyun kuma su ke kula da shiga da fita, irin su madannai da firinta. Ayisi ɗaya ba ya isa hujja, domin 6847 yana cikin kwamfutar Acorn Atom tare da ƙwaƙwalwa 6502, yana kuma cikin kwamfutar Laser 200 tare da ƙwaƙwalwa Z80. Amma 6809E da SAM da 6847 a allo ɗaya dangi ɗaya suke nunawa: Color Computer na kamfanin Tandy na Amurka, wanda ya fito a 1980, da masu bin tsarinsa. A ƙarƙashin lambar kowane ayisi akwai wasu lambobi huɗu, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Duk nawa da 82 suka fara.

Daga nan sai tacewa. Na'urar Tandy taransfomarta a ciki take, kuma firinta take bi ta ƙaramin ramin DIN mai ƙafa 4. Wannan kuwa wutarta daga waje take zuwa, tana da ramin firinta mai ƙafa 20, tana da ramin monita daban da na eriyar talabijin. Wannan siffar Dragon ce, wadda kamfanin Dragon Data ya ƙera a yankin Wales na Birtaniya. Kamfanin reshe ne na Mettoy masu kayan wasan yara, ya fito da Dragon 32 a watan Agusta 1982, ya durƙushe a 1984, wani kamfanin Sifen mai suna Eurohard ya saye abin da ya rage. Saura a bambance 32 da 64. Dragon 64 na 1983 launin toka ne, yana da ramin RS-232 da ayisi 6551. Nawa ba shi da ko ɗaya, ga kuma ƙananan ayisin RAM 4116 guda 16 a jere biyu. Kowane 4116 bit 16K yake riƙewa, takwas su ba da kilobait 16, sha shida su ba da 32. A lura cewa ba kowane Dragon 32 ke da wannan tsarin ba, akwai allunan da ke ɗauke da ayisin RAM takwas kacal na wani nau'i, don haka kowa ya karanta abin da ke gabansa.

Ganin 4116 ya sauya yadda zan tunkari aikin gaba ɗaya. Wannan ayisi wuta uku yake so: volt 12 a ƙafa ta 8, volt 5 a ƙafa ta 9, da volt 5 na koma-baya, wato -5, a ƙafa ta 1. Ƙafa ta 16 ita ce layin ƙasa, wato layin volt sifili. Wutar -5 ɗin ba ta jan komai sosai, amma ita ke tsare cikin ayisin. Idan ta ɓace alhali volt 12 na nan, ayisin sai ya riƙa jan wuta fiye da kima, ya yi zafi, ya mutu. 

Taransfomar asali AC take bayarwa, ba DC ba: kusan volt 8.5 a naɗi ɗaya, da volt 28 mai reshe a tsakiya, wato 14-0-14, a naɗi na biyu. Gyara wutar zuwa DC a cikin na'urar ake yi, a wani ƙaramin allo na baya mai ɗauke da diyod, manyan kafasita, da regileta uku: 7805 a jikin babban ƙarfen sanyaya, 7812, da 7905. Na kai wa mai naɗin koyil ya naɗa mini sabuwa, volt 8.5 mai ɗaukar amfiya 1.5, da 14-0-14 mai ɗaukar rubu'in amfiya ko fiye, naɗin biyu a rabe ba su haɗu ba, da fis a ɓangaren shigar wutar gida. Taransfomar 12-0-12 ta kasuwa tana iya tayar da na'urar, amma ban yarda da ita ba. Shi 7812 yana buƙatar aƙalla volt 14 da rabi a bakinsa, kuma da zarar wutar gari ta yi ƙasa sai a faɗo ƙasa da haka. Game da wace ƙafa ta ramin ke ɗaukar wace waya, na bi zanen tagullar allon da mita daga ramin zuwa diyod, na zana a takarda. Wannan ya fi dogaro da zanen da aka tsinta, domin masu zane kan juya lambobin ƙafa, wani daga gaba ya kalla wani daga baya.

Kafin wuta ta shiga, na cire filogin da ya haɗa allon wuta da babban allo, na gwada allon wutar shi kaɗai. Layin volt 5 na ɗora masa razista mai ohm 10, wat 5, don ya ja rabin amfiya: ya ba da 5.0, daidai cikin iyakar 4.75 zuwa 5.25. Layin 12 lafiya. Layin -5 kuwa kusan sifili. Kafin a yanke wa 7905 hukunci, a sa masa razista mai kilo-ohm 1 a mafita, domin wasu ba sa ba da karatu mai kyau idan babu abin da ke jan wuta. Nawa ko da razistar bai motsa ba, ga kuma wuta na isa bakinsa, saboda haka na sauya shi. Akwai tarko a nan: jerin ƙafafun 7905 ba irin na 7805 ba ne. Na 7805 shiga, ƙasa, fita. Na 7905 ƙasa, shiga, fita, kuma ƙarfen bayansa a haɗe yake da shiga, don haka kada ya taɓa wani ƙarfen da ke layin ƙasa.

Kafasitocin allon wuta duk na sauya su da masu ƙima iri ɗaya, ƙarfin volt daidai ko sama, masu jure zafin digiri 105. A layin koma-baya ƙafar kafasita mai alamar tarawa ce ke zuwa ƙasa, a duba alamar allo kafin a cire tsohuwar. Makunnin wutar ma na wanke shi da sifirit, na danna shi sau da yawa har mita ta nuna ƙasa da ohm ɗaya a kowane layi. Layuka da dama yake yankewa lokaci guda, kuma idan ɗaya ya yi datti sai wata wutar ta zo wata ba ta zo ba.

Babban allo sifirit da buroshin haƙori kawai ya sha. Ba na sa fetur ko tina, suna cin roba suna goge rubutun jikin kaya. Idan a hunturu ake aikin, a riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a taɓa allo, saboda busasshiyar iska na tara wutar jiki, irin waɗannan ayisin kuma ba sa jure ta. Na auna tsakanin kowane layin wuta da ƙasa, babu wanda ya haɗe kai tsaye, sannan na mayar da filogi.

Hoto na ɗauka ta ramin monita mai ƙafa 5, ƙafa ta 3 hoto, ta 2 ƙasa, ta 1 sauti, zuwa ramukan AV na talabijin. Ya fi ramin eriya tsabta, kuma ba sai an nemi tasha ta 36 ba. Da na kunna, koren fili ya fito cike da haruffa barkatai da murabba'ai masu launi, ba sa motsi. Wannan labari ne mai daɗi, domin yana nufin 6847 na aiki, SAM na ba da agogo, da'irar da ke ƙara layuka don hoton ya dace da tsarin talabijin na PAL tana aiki. Abin da bai faru ba shi ne BASIC, yaren shirye-shiryen da ke cikin ayisin ROM na na'urar, ya share fuskar.

Akwai gwajin makanta da ke raba matsala gida biyu. A rubuta MOTOR ON a danna ENTER. Idan rilen kaset, wato ƙaramin makunnin cikin na'urar da ke kunna motar kaset, ya yi ƙara, ƙwaƙwalwa da ROM da RAM suna aiki, laifin na hanyar hoto ne, sai a zargi 74LS273 da ke miƙa bayanai ga 6847. Nawa shiru. Na koma kan 6809E da osiloskof: ƙafa ta 7 volt 5, ƙafa ta 37 ta RESET tana sauka ta tashi idan an danna maɓallin, ƙafa ta 40 ta HALT a sama, agogon E a ƙafa ta 34 da na Q a ƙafa ta 35 duk suna bugawa kusan 0.89 MHz. Ƙwaƙwalwar ba ta da uzuri, saura RAM. Bayan daƙiƙa talatin na bi ayisin 4116 da bayan yatsa. Goma sha huɗu ɗumi-ɗumi, biyu ba a iya riƙe su. SAM ma yana zafi sosai, amma haka halinsa yake, kada a cire shi a kan wannan. Na manna masa ƙaramin ƙarfen sanyaya, domin samun wani da wuya.

Ayisin da ya mutu ba a lallaɓa shi, allon ake lallaɓawa. Na yanke ƙafafunsa 16 da ƙaramar filaya a jikin ayisin, na zare kowace ƙafa ita kaɗai da ƙarfen dalma a kan digiri 350, na zuƙe ramukan, na dasa soket. Wanda ya ce sai ya ciro ayisin ɗungurungum da zafi, yakan taho da zanen tagulla. Idan 4116 mai kyau bai samu ba, 4164 na shiga da ɗan gyara: a ɗaga ƙafa ta 1 da ta 8 kada su shiga soket, a haɗa ta 8 da ta 9 da siririyar waya. Dalili shi ne 4164 a ƙafa ta 8 yake karɓar volt 5, kuma idan ta shiga ramin da ke ɗauke da 12 ya ƙone nan take. Da irin wannan na cike gurbin biyun.

Sai ga baƙin rubutu a kan kore, sunan Dragon Data da shekarar 1982, da 16K BASIC INTERPRETER 1.0 na Microsoft, da OK. Abin da ayisi suka faɗa tun farko ya tabbata. PRINT MEM ya ba da 24871, adadin da lafiyayyar Dragon 32 ke bayarwa. Fitowar OK ba ta isa shaida ba, domin ayisin da suka zauna babu -5 suna iya raunana ba su mutu ba. Na rubuta CLEAR 200,16383, sannan ɗan shiri da ke zuba 85 da POKE a kowane adireshi daga 16384 zuwa 32767, ya karanta da PEEK, ya sake da 170. Waɗannan lambobi biyu suna juya kowane bit. Idan abin da aka karanta ya saɓa, bambancin zai zama 1, 2, 4 har zuwa 128, shi ke nuna layin bayanan da ya lalace, sai a bi shi da mita zuwa ƙafa ta 14 ta ayisin. Na bar gwajin yana maimaituwa har na'urar ta yi zafi sosai, domin raunin RAM da zafi yake fitowa.

Madannai uku ba sa amsawa, kuma ba a layi ɗaya suke ba, don haka datti ne, sifirit ya warware shi. Da a ce jeri guda ne ya mutu tare, da wayar madannan ko 6821 na farko zan duba. Wani abin da ke kama da lalacewa alhali ba ita ba ce: idan aka danna SHIFT da 0, haruffa na fitowa kore a kan baƙi. Ayisin 6847 ba shi da ƙananan haruffa, da juya launi yake nuna su.

Don loda shiri ba a buƙatar rediyon kaset. A ramin kaset ƙafa ta 4 ce ke karɓar sauti, ta 2 ƙasa. Na haɗa su da ramin iyafis na wayar hannu, na rubuta CLOAD, ko CLOADM ga shirin da ba na BASIC ba, na kunna fayil ɗin WAV. Harafin S a kusurwar sama na nufin tana nema, F na nufin ta samu. Bayanan sauti biyu ne, 1200 Hz sifili, 2400 Hz ɗaya, a gudun kusan baud 1500. Idan IO ERROR ya fito, a ƙure ƙarar wayar, a kashe duk wani gyaran sauti, a sa ta a yanayin jirgi kada saƙo ya shigo tsakiya. Wasu wayoyin ƙararsu ba ta kai ba, sai an bi ta ƙaramar amfilifaya. A kuma tabbatar shirin na Dragon ne, domin na Tandy ba duka ke tashi ba: lambobin da BASIC ɗin biyu ke adana umarni da su sun bambanta, haka ma tsarin wayoyin madannai.